Tacewa: dusa ake cirewa ko gasara?

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo a Katsina ba ka ji kalmar "tacewa" ba. Ɗan siyasa ya ce a riƙa tace abin da matasa ke rubutawa a Facebook, mai gabatar da shiri ya ce edita ya tace labari kafin a karanta, kamar duk aiki ɗaya ne. Abin bai dame ni sosai ba sai da na ji ruɗanin a bakin ɗaliban koyon aikin jarida da nake taya tsara jaridarsu ta gwaji.

Kalmar daga tsakar gida ta fito. Duk wanda ya tashi a gidan da ake dama koko ya san yadda ake yi: a jiƙa gero ya kwana, a wanke, a kai markaɗe da citta da kanumfari, a dawo da ƙullu, a ɗaura ƙyallen tata a bakin roba, ana zuba ruwa ana murzawa. Gasara ta sauka ƙasa, dusa ta tsaya a ƙyalle, a kai wa awaki. Mai tata don mai sha take wahala. Da za ta zubar da gasara ta miƙo dusa, ba wanda zai ce ta tace.

Aikin edita ke nan. Ɗaliba ta kawo labari mai kalma 900, gurbin da ke shafi na 400 ne. Sai a cire maimaici da kirarin da ta yi wa mai jawabi, a ɗauko ainihin abin da ya faru daga sakin layi na biyar a kai shi farko. A tambaye ta: wa ya faɗa miki? Kin ji ta bakin ɗaya ɓangaren? A duba ƙugiya, don kada ƙasa ta koma kasa. Hoto ma haka, a yanke gefen da ba kowa sai bango, a rubuta a ƙarƙashinsa su waye kuma a ina. Sana'a ce mai asali a wurinmu, domin Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, a makarantar Midil ta Katsina kuma ya koyar.

Ɗaya ma'anar ta zauna a kunnenmu ne musamman tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. Nan hukuma ce ke cewa wannan ya fita, wancan kada ya fita. A fagen jarida mun san inda irin wannan iko ke kaiwa: Doka ta 4 ta mulkin soja a 1984 ita ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda. A ganina wannan sunansa dannewa ko toshe baki, kuma kiran sa tacewa sa masa rigar da ba tasa ba ne.

Wani ɗalibina ya taɓa yin labari kan ƙarancin ruwa a ɗakunan kwanan ɗalibai. Ya yi sammako ya ɗauko hoton layin jarkoki masu ruwan ɗorawa, wata yarinya zaune kan tata tana bitar darasi da fitilar waya. Mun ba hoton rabin shafin farko. Ana gobe za a kai maɗaba'a ya shigo jiki a sanyaye.

"Malam, daga sama an ce a tace."

Na ce, "Wane kuskure aka gani? Suna ne, ko adadi?"

"Babu, Malam. An dai ce zai ɓata sunan makaranta."

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne yaron ya ɗauka wannan ma cikin darasin edita yake, har yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Na zaunar da shi muka sake bin labarin layi-layi, ba mu sami dusa ko ɗaya ba. Duk da haka jaridar ta fita da hoton sabuwar ƙofar shiga a shafin farko, na jarkokin kuwa yana nan a kwamfutata har yau.