Echinacea: furen da kansa ya yi kama da bushiya

A ina ake samunsa?

A manyan filayen ciyawa na tsakiyar Amurka ta Arewa, daga kudancin Kanada har zuwa jihar Texas. Masana na kiransa Echinacea angustifolia. Sunan daga Girkanci ya fito, daga kalmar da ke nufin bushiya.

Ta yaya mutum zai gane shi?

Ka fara da tsakiyar furen: wani dunƙule ne mai ruwan ƙasa, cike da tsinke masu tauri, in ka danna da yatsa sai ka ji suka. Kewaye da shi fallayen furen ne, ja-ja mai haske, sun ɗan sunkuya ƙasa. Ganyen siriri ne dogo, mai gashi da kaushi, da jijiyoyi uku a tsaye. Tsayinsa da wuya ya wuce santimita 60, yana fure a watannin Yuni da Yuli. Akwai ɗan uwansa, Echinacea pallida, da ke ruɗar mutane, amma garin furensa fari ne, na wannan kuwa rawaya.

Me ya sa fari ba ya kashe shi?

Saiwarsa guda ce mai kauri, ta nutse can ƙasa inda sauran laima take. Gashin ganyen kuma yana rage fitar ruwa.

Da wane ɓangarensa mutanen zamanin da suka yi amfani?

Da saiwar. In an tauna ta, harshe ya yi zugi, ya mutu na ɗan lokaci, yawu ya yi ta zuba. Shi ya sa 'yan asalin yankin, irin su Lakota da Cheyenne da Kiowa, suka riƙe ta don ciwon haƙori da na maƙogwaro da tari. Suna kuma ɗora ta a kan saran maciji. A 1805 wasu matafiya Amurkawa biyu, Lewis da Clark, sun aika wa Shugaban Amurka Thomas Jefferson saiwar, da bayanin cewa ana sa ta a cizon mahaukacin kare.

To, tana magani da gaske?

Ta kashe zafin haƙori na ɗan lokaci, wannan kam mai taunawa zai ji da bakinsa. Batun mura, wanda shi ake tallata ta da shi yau a kwalabe, gwaje-gwaje ba su nuna wani tasiri mai ƙarfi ba. Saran maciji da cizon mahaukacin kare kuwa, a garzaya asibiti.