Rinin jel na katako da sabunta tsofaffin kayan ɗaki

Rinin jel wani nau'in launin katako ne mai kauri da ake shafa wa gado, sif, tebur, ƙofa da makamantansu domin a sauya musu kala ko a farfaɗo da wadda ta koɗe. A jikin gwangwaninsa ana rubuta gel stain da Turanci, ko teinture en gel da Faransanci. Abin da ya raba shi da rinin katako mai ruwa-ruwa shi ne ba ya nutsewa sosai cikin katako, a sama yake zama. Daga wannan hali nasa amfaninsa ya fito, aibinsa ma daga nan ne. Yana iya hawa kan tsohon banish ba sai an kankare shi ba, yana daidaita kala a katakon da ke shan rini dabbare-dabbare, amma idan aka yawaita shi sai ya rufe zanen katakon ya koma tamkar fenti.

Abin da ke cikinsa

Yawancin rinin jel na mai ne. Ana haɗa garin launi da danƙon alkid ko na yuretan da zai riƙe launin a jikin katako, da man tsinkawa irin wanda ake sayarwa da sunan white spirit, sannan wani sinadari mai kaurara shi, kamar silika mai laushi ko yumɓu da aka sarrafa. Wannan na ƙarshe ne ke sa shi tsayawa a gwangwani kamar kindirmo a ƙwarya: a ajiye yana da ƙarfi, da an motsa shi sai ya saki, da an bar shi kuma ya sake kamewa. Shi ya sa ba ya zuba idan an shafa shi a ƙyauren sif ko allon gado da ke tsaye. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1950 ake sayar da fentin mai da ba ya ɗiga a Turai da Amurka. Akwai kuma jel na ruwa, wanda ya fi saurin bushewa, bai kai na mai wari ba.

Kamfanonin da suka fi shahara da shi na Amurka ne: General Finishes, Minwax, Varathane da Old Masters. Launukansa galibi masu duhu ne, daga ruwan ƙasa zuwa ja mai duhu zuwa baƙi.

Katakon da ya dace da shi

Mafi yawan falankin da kafintocin Garwa, Marwa da Njamena ke aiki da shi daga dazuzzukan kudu da gabashin Kamaru yake zuwa. Jirgin ƙasa, wanda layinsa ya isa Ngaundere a 1974, da manyan motoci ne ke haura da shi, daga nan a wuce da shi Garwa da Marwa har Kusseri a tsallaka Cadi. A kasuwa ana raba shi gida biyu, farin katako da jan katako, kuma rinin jel ba ya yi musu aiki iri ɗaya.

Farin katako yawanci ayus ne, wanda a Nijeriya ake ce wa obece. Ba shi da nauyi, yana da taushi da araha, yana kuma shan ruwa da yawa. Idan aka zuba masa rini mai ruwa-ruwa, wani wurin ya sha fiye da wani, musamman bakin da aka yanka, wanda kan koma kusan baƙi. A nan ne jel ya fi nuna kansa, domin kaurinsa yana hana shi kutsawa ciki, kalar sai ta fito bai ɗaya. Tebur ko kwabar ayus da aka yi wa jel mai ruwan ƙasa mai duhu da kyau takan yi kwarjinin da ya fi kuɗinta. Haka yake yi wa filawud, wanda fuskarsa siririya ce ƙwarai, ba ta jure dogon gogewa.

Jan katako labarinsa daban. Safeli yana da zane mai layi-layi da ke sauya haske idan an kalle shi daga gefe, madaci da madobiya ma suna da kalarsu ta asali. Asara ce a binne irin wannan zane a ƙarƙashin shafi uku na jel mai duhu. Tsohon gadon madobiya ya cancanci a lallaɓa shi, ballantana yanzu da itacen ya yi ƙaranci har aka sa shi cikin jerin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 2017. Irin wannan gado wanki da banish marar launi ya fi buƙata, in ma za a sa jel to shafi ɗaya ne siriri a goge shi sosai. Loko kuwa, wato iroko, yana da wani sinadari a jikinsa da ke jinkirta bushewar kayan shafi na mai, don haka ana goge fuskarsa da man tsinkawa kafin a fara, a kuma ƙara masa lokaci.

Shiri kafin shafi

Ana yawan tallata jel da cewa ba ya buƙatar gogewa. Wannan rabin gaskiya ce. Ba ya buƙatar a kankare tsohon banish har a kai ga katako, muddin banish ɗin lafiyayye ne, bai tsage ba, ba ya ɓarewa. Amma ba ya kama datti ko maiƙo, kuma kayan ɗaki a gidajenmu suna tara su fiye da yadda ido ke gani. Hayaƙin turaren wuta na shekaru yana barin wani maiƙo mai danƙo a jikin sif da allon gado. Ga man shafawa da humra a gaban madubi, ga gumin hannu a bakin durowa. Mafi muni shi ne feshin ƙyalli na kanti mai ɗauke da silikon, wanda ke sa sabon shafi ya tsattsage ya bar ƙananan ramuka.

Don haka wanki ne farko. Ana cire mariƙai da ƙarafunan ƙyaure, a rufe madubi da takarda da salatif. Sai a dirje kayan da soson wanke tukunya na roba da haɗin ruwa da sifirit rabi da rabi, wanda a shagunan nan ake samu da sunan alcool à brûler, a bar shi ya bushe na awa ɗaya ko biyu. Bayan nan a bi shi da samfefa lamba 220 ko sama da haka, a hankali, ana bin tsawon zanen katako. Manufar ita ce a kashe ƙyallin banish ɗin domin jel ya sami inda zai kama. Wanda ya fara gogewa kafin wanki yana tura maiƙon ne cikin tsagin da samfefar ta yi.

Idan tsohon banish ya ɓare a wasu wurare ya bar katako a fili, babu mafita sai a kankare duka. Wurin da ya tone zai sha launi, wurin da ke da banish ba zai sha ba, ƙarshenta a sami kala biyu. Katako tsirara ana goge shi da lamba 120 a ƙare da 150. Idan aka wuce haka fuskar takan yi santsin da launi ba ya zama da kyau.

Ramukan ƙwari masu zubo da gari, waɗanda ayus ya yi ƙaurin suna da su, da ɓarnar gara, ana magance su tun kafin wannan mataki. Jel ba ya kashe ƙwaro.

Yadda ake shafawa

Ana motsa shi sosai da tsinken katako har ƙasan gwangwani, ba a girgiza shi. Gwaji a bayan sif ko ƙarƙashin tebur wajibi ne, a bar shi ya kwana, a gwada kankare shi da farce. Idan ya tashi, wankin bai isa ba.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a shafa da yawa da burushi ko soso, a jira 'yan mintuna, sannan a goge rarar da tsumman auduga mai tsabta ana bin zanen katako. Wannan ita ke barin zanen ya fito, ita ce kuma ta dace da katako tsirara. Ta biyu, wadda ake yi a kan tsohon banish, a shafa siriri a baje shi da busasshen burushi, a bar shi ba gogewa, a maimaita bayan ya bushe har kalar ta kai yadda ake so. Kowane shafi yana ƙara duhu yana rage zane. Da wuya jel ya mayar da katako mai duhu fari.

Lunguna da sassaƙa su ne wurin da ke ba da wahala. Jel yana taruwa a kwana da cikin furannin da ake sassaƙa wa allon gado, ya yi kauri, samansa ya bushe cikinsa bai bushe ba. Ana zaƙulo shi da ƙaramin burushi busasshe tun yana ɗanye.

Zafi, hunturu da damina

Lokutan da ke rubuce a gwangwani an auna su ne a yanayin kusan digiri 21 da laima matsakaiciya. A irin wannan yanayi General Finishes na ba da awa 12 zuwa 24 a kan katako tsirara, da har awa 72 a kan tsohon banish. Garwa da Njamena a watan Maris da Afrilu sukan haura digiri 40. A wannan zafi man tsinkawa yana tashi da sauri, mintunan da mai aiki ke da su na goge rara sukan ragu ƙwarai, tsumma ya fara kamawa yana barin layi. Maganinsa shi ne a yi aiki da sassafe a cikin inuwa, a ɗauki ɓangare ƙarami, ƙyaure ɗaya ko falanki ɗaya, a gama shi kafin a taɓa na gaba. Idan ya riga ya yi danƙo, tsumman da aka ɗan jiƙa da man tsinkawa yana sake shi.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne saurin bushewar sama. Tashin man tsinkawa abu ɗaya ne, ƙarfafar danƙon da ke ƙasa wani abu ne, domin shi sai ya sha iska a hankali. Kayan da suka bushe a taɓawa da azahar ba su isa shafi na biyu da la'asar ba.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, matsalar ƙura ce. Kafintoci da yawa a bakin titi suke aiki, kuma shafin da zai kwana yana ɗanye zai kwashi duk abin da iska ta kawo. Gara ɗaki mai taga a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara. Da damina kuma, musamman a Ngaundere inda tudu ke kawo sanyi da laima, bushewar kan ninka lokacinta.

Banish na sama

Jel launi ne, ba ya jure kofin shayi mai zafi, ruwa ko gogayyar yau da kullum, sai an rufe shi. Banish na mai ko foliyuretan na mai ne ya fi dacewa da shi, shafi biyu ko uku, ana bin tsakaninsu da samfefa mai laushi kamar lamba 320. Idan na ruwa za a sa, a jira aƙalla awa 72. A yi hattara da banish na selulos da kafintoci ke fesawa saboda saurin bushewarsa: ruwan tsinka shi yana da ƙarfin da zai iya narkar da jel ɗin ko ya tattare shi. Siririn shafin shelak, wani banish da ake narkarwa da sifirit, marar kaki, a tsakani yana raba su. Haka nan ba a tsinka jel da ruwan tsinka banish na selulos, ba a sa masa fetur, kananzir kuma yana hana shi bushewa da wuri. Cikakken ƙarfi yana ɗaukar kusan kwana 30, kafin nan ba a ɗora kaya masu nauyi ko shimfiɗa leda a kai. Mai shirin gyara kayan ɗaki domin biki ko salla ya lissafa da wannan wata guda.

Haɗari

Tsumman da ya sha rinin mai, idan aka dunƙule shi aka jefa a lungu, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta, kuma shagon kafinta cike yake da garin katako. Ana baje shi a fili ya bushe, ko a tsoma shi a gwangwanin ruwa mai murfi. Tururin man tsinkawa yana kama wuta, yana sa jiri da ciwon kai, don haka ba a aiki kusa da murhu ko kaskon turare, ba a kuma barin yara su kwana a ɗakin. Ƙurar ayus sananniya ce wajen jawo asma ga masu aikin katako, ta loko kuma tana sa ƙaiƙayin fata, saboda haka takunkumi da safar hannu ba ado ba ne. Tsohon fenti na iya ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ba a goge shi a bushe a tsakar gida.

Inda ba ya aiki

Yawancin saitin gado da sif na zamani da ake shigowa da su an yi su ne da matsattsen garin katako da aka lulluɓe da melamin ko takarda mai hoton zanen itace. Jel ba ya kama irin wannan fuska da kyau, haka ma famika, kuma inda ruwa ya riga ya kumbura allon babu launin da zai mayar da shi. Ana gane su ta duba bayan kayan ko gefen da ya ɓare. Ba a kuma yi jel domin kujerun da ke kwana a rana da ruwan sama ba.

Kaya ne na shigowa daga waje, saboda haka ya fi fenti da banish tsada da wuyar samu. Inda babu shi, ana iya kusantar aikinsa ta haɗa banish na mai da launin da ake zuba wa fentin mai da ɗan white spirit, a shafa siriri a goge. Wannan haɗin yana zama a sama shi ma, sai dai yana zuba a wurin da ke tsaye, don haka ana cire ƙyamaren a kwantar da su kafin a shafa.