Waiwaye: Shafen da Ke Ƙarƙashin Zanen Fentin Mai

Duk wanda ya leƙa sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, zai iya tarar da yadudduka a ɗaure jikin katako, an shafe su fari fat, an jingine su suna shan iska. Dalilin wannan shafe shi ne man linsid (mai ne da ake tatsa daga irin wani tsiro) da ake kwaɓa fenti da shi yana cin zaren yadi sannu a hankali har ya ruɓe, don haka tilas a sa wani abu a tsakaninsu.

A ƙarni na 15 masu zane na Turai a kan katako suke aiki. Sukan dafa fatar dabba ta zama gam, su dama alli a ciki, su shafa sau da yawa, sannan su goge har fuskar ta yi sumul. Mutanen Italiya suna kiran haɗin jeso. A ƙarni na 16 masu zane na birnin Benis a Italiya suka karkata ga yadi, sai aka koma fara shafa gam tsinkakke, a bi shi da farar dalma da aka kwaɓa da mai, wadda takan ɗauki makonni kafin ta bushe, ga kuma guba.

A 1955 aka fito da jeson akirilik (wani sinadari dangin roba) mai suna Liquitex a Amurka, wanda ake tsinka shi da ruwa, ya bushe a yini guda. Bayan shekara uku, a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Sai dai yanayin Zazzau ba ya ragawa tsohon haɗin Turai. Gam ɗin fata yakan sha laima ya kumbura da damina, ya takure idan hunturu ya kankama, alhali fentin da ke samansa ba ya iya bin wannan kai-komo, sai ya tsattsage. Yau, saboda tsadar jeson waje, ɗalibai da dama sukan haɗa fentin bango da farin gam na kafintoci. A ganina dabarar tana fitar da aikin aji, amma idan gam ya yi ƙaranci, shafen yakan tsotse man fenti, launi ya dusashe, kuma idan aka juya yadin za a ga tabon mai ya keto ta baya.