Wane ne gwanin gwanaye a bugu da jifa a tarihin kurket?

A wasan kurket yawancin 'yan wasa sana'a ɗaya suke riƙewa: ko dai bugun ƙwallo da katako don tara maki, ko jifanta don fitar da abokin hamayya. Kaɗan ne ke haɗa biyun har a ji tsoronsu ta kowane ɓangare. Su muke kira masu hannu biyu, kuma alƙaluman da ke ƙasa, ban da na Kofin Duniya, na wasannin Tes ne, wato na kwana biyar tsakanin ƙasashe.

Wane ne ya cancanci a kira shi mai hannu biyu?

Wanda ƙasarsa za ta ɗauka ko da an hana shi ɗaya daga cikin sana'o'in biyu. A ce yau kafaɗa ta hana shi jifa, zai samu gurbi don bugunsa kaɗai? Idan an juya tambayar kuma fa? Da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa wannan kirari masu bugu ne da ke ɗan taɓa jifa don manyan majefa su sarara.

Da wane ma'auni ake jera su?

Ana fara fitar da matsakaicin bugu: jimillar makin da mutum ya ci, a raba da adadin fitar da shi da aka yi. Sannan matsakaicin jifa: makin da aka ci a kansa, a raba da adadin mutanen da ya fitar. Na farko ana so ya yi sama, na biyu ya yi ƙasa. Sai a cire na biyu daga na farko.

Garfield Sobers na West Indies, wato haɗakar ƙasashen Karebiya, yana da 57.78 a bugu da 34.03 a jifa, tazarar kusan 24 ke nan. Jacques Kallis na Afirka ta Kudu, 55.37 da 32.65, kusan 23. Imran Khan na Pakistan, 37.69 da 22.81, kusan 15. Keith Miller na Ostareliya yana da 14. Ian Botham na Ingila da Richard Hadlee na Niyu Zilan suna wajen 5, Kapil Dev na Indiya kuwa bai kai 2 ba.

To ai magana ta ƙare ke nan?

Ina! Wannan lissafi yana fifita mai bugu. Ɗaga matsakaicin bugu daga 35 zuwa 55 abu ne da manyan gwanaye ke yi, amma kusan babu majefin da ya daɗe yana wasa ya sauko ƙasa da 20. Ba ya kuma nuna nauyin da mutum ya ɗauka. Shi ya sa dole a duba mutum nawa yake fitarwa a kowane wasa. Hadlee ya fitar da 431 a wasa 86, biyar-biyar ke nan. Imran 362 a wasa 88, huɗu da ɗoriya. Sobers 235 a wasa 93, biyu da rabi. Kallis 292 a wasa 166, bai cika biyu ba. Nan take za ka ga wanda kyaftin ke miƙa wa sabuwar ƙwallo da safiyar ranar farko, da wanda ake kira bayan wasu sun gaji.

Me ya sa duk da haka Sobers ke kan gaba?

Saboda babu wanda ya haɗa abin da ya haɗa. Yana ɗan shekara 21, a 1958 a Kingston, ya ci maki 365 a kan Pakistan ba a fitar da shi ba, kuma wannan ne karo na farko da ya kai ɗari a Tes. Babu wanda ya taɓa cin maki haka a bugu guda a Tes kafin nan, kuma tarihin ya tsaya har 1994 kafin Brian Lara ya karya shi. Ya kammala da maki 8,032.

A jifa kuwa, da hannun hagu guda yake yin salo uku. Idan ƙwallo sabuwa ce, tana sheƙi, sai ya yi jifan sauri yana lanƙwasa ta a iska. Idan ta tsufa fili ya bushe, sai ya koma murza ta da yatsu, ko kuma da wuyan hannu. Kyaftin da ke da shi tamkar yana da majefa uku ne a rigar mutum ɗaya. Ga cafke ƙwallo a sama, wanda ke fitar da mai bugu, sau 109, da yawa daga ciki dab da mai bugu, inda ƙiftawar ido kan sa ta wuce. Rauninsa a bayyane yake: sai ya jefa ƙwallo wajen 92 kafin ya fitar da mutum ɗaya. Bai kai majefin farko na ƙasarsa ba, amma babu ranar da ba shi da amfani.

Kallis ko Imran, wa ke na biyu?

Mu Imran muka zaɓa, kuma mun san masu ja suna da hujja. Kallis ya ci maki 13,289, ya kai ɗari sau 45, ya cafke 200. Shekara 18 yana tsaye kamar ginshiƙi. Sai dai a jifa, mataimaki ne ga irin su Allan Donald, Shaun Pollock da Dale Steyn.

Imran shi ne ya amsa a aikace tambayar nan ta ko mutum zai samu gurbi don bugunsa kaɗai idan jifa ya gagara. A jerin wasa shida da Indiya a 1982 zuwa 1983 ya fitar da mutum 40. A Faisalabad kaɗai ya ci 117 kuma ya fitar da 11. Bayan nan ƙashin ƙaurinsa ya tsage, jifa ya gagara na tsawon lokaci, amma Pakistan ta ci gaba da sa shi don bugunsa. Ƙara da jagoranci: shi ya ɗaga Kofin Duniya a 1992.

Ina aka bar Botham, Kapil da Hadlee?

Botham na shekarun farko guguwa ne. A Bombay a 1980 ya ci 114 ya fitar da 13 a wasa ɗaya. A Headingley a 1981, Ingila ta riga ta hango kashi, ya buga 149 ba a fitar da shi ba, aka doke Ostareliya da maki 18. Daga baya ciwon baya da ƙiba suka rage masa kaifi, kuma bai taɓa kai ɗari a kan West Indies ba, alhali su ne zakarun zamaninsa.

Kapil ya fi alƙalumansa. Ya yi jifan sauri a filayen Indiya da ba sa taimaka wa mai sauri, ya fitar da 434. A Kofin Duniya na 1983, Indiya na da maki 17 an fitar mata da mutum biyar a gaban Zimbabwe, ya buga 175. Hadlee ya fi su duka iya jifa, amma matsakaicin bugunsa 27.16 ne.

Akwai wanda ake zalunta a irin wannan jeri?

Miller, wanda wasa 55 kawai ya buga tsakanin 1946 da 1956, bayan ya tuƙa jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Mu a na huɗu muke ajiye shi, gaban Botham. Sai Mike Procter: wasa bakwai ya samu, ya fitar da mutum 41, sannan aka ƙaurace wa Afirka ta Kudu daga 1970 saboda wariyar launin fata. Lokacin da aka dawo da ita, fiye da shekara 20 sun wuce, ƙarfinsa ya riga ya tafi.