Mazubin gama-gari a shirye-shiryen kwamfuta

Mazubin gama-gari tsari ne da ake rubutawa sau ɗaya don adana bayanai ko wane iri ne: lambobi, kalmomi, ko wani nau'i da mai rubuta shirin ya ƙirƙira da kansa. A harshen C++ ana gina shi da abin da ake kira tamfilet, inda ake barin gurbin nau'in bayanan da harafi ɗaya, galibi T, a cike shi lokacin amfani.

Tarihi

A harshen C, galibi dabara biyu ake bi: ko dai a sake rubuta mazubin ga kowane nau'i, ko a yi amfani da manunin void* (mai nuna wurin da bayani yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta), wanda ke karɓar komai ba tambaya. Ta biyun ta fi sauƙi, sai dai idan aka zuba kalma inda ake jiran lamba, ba a ankara sai shirin ya tsaya cak yana cikin aiki.

Tunanin ya girmi C++. Harshen CLU, wanda Barbara Liskov da ɗalibanta suka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka wajen tsakiyar shekarun 1970, yana da shi, haka ma Ada na 1983. Bjarne Stroustrup, wanda ya ƙirƙiro C++, ya bayyana tsarin tamfilet a 1988, aka fara samunsa a Cfront 3.0, manhajar fassara rubutun C++, a 1991. Wanda ya fito da amfaninsa fili shi ne Alexander Stepanov, tare da Meng Lee a kamfanin Hewlett-Packard: taskarsu ta mazubai da hanyoyin sarrafa su, mai suna STL, ta samu karɓuwa wurin kwamitin daidaita harshen C++ a 1994, ta shiga ƙa'idar 1998. Hikimarsu ita ce raba mazubi da hanyoyin sarrafa abin da ke cikinsa, ta yadda hanyar jerawa guda za ta yi wa mazubai daban-daban aiki.

Yadda yake aiki

Idan aka rubuta vector<int> sannan vector<string> (wato mazubin lambobi da mazubin kalmomi), manhajar da ke juya rubutun zuwa harshen inji takan fitar da mazubi biyu cikakku, kowanne da nasa. Wannan ke ba da sauri, amma shirin yakan kumbura. Kuskure ɗan ƙarami kuwa yakan jawo saƙon gargaɗi mai layi bila adadin. C++20, ƙa'idar harshen ta 2020, ta ɗan rage wannan.

Harshen Java ya samu nasa a 2004, amma yana share bayanin nau'in kafin shirin ya fara aiki. C# ya biyo baya a 2005, Go kuma sai 2022.

Har yanzu ana saɓani kan vector<bool>, mazubin C++ na ƙimomin gaskiya ko ƙarya, wanda ke matse kowace ƙima cikin bit ɗaya (mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai). Da yawa na ganin kuskure ne.