Kuɗin gajeren bidiyo da sabuwar dokar haraji: abin da ake binka da abin da ba a binka

Akwai ɗan ƙanwata da ke ɗora gajerun bidiyoyin barkwanci a Facebook da YouTube. Ya kusa shekara biyu yana yi ba ko sisi, uwarsa kullum tana faɗa a kan kuɗin data, sai daga baya dala ta fara ɗigowa kaɗan-kaɗan. Ran nan ya same ni da waya a hannu, fuska ba walwala, ya ce, "Kawu, wai da gaske ne gwamnati za ta riƙa cire kashi 25 cikin ɗari daga duk alat ɗin da ya shigo mini?" Na tambaye shi nawa ya samu gaba ɗaya a shekarar da ta wuce. Bai sani ba. Nawa ya kashe wajen yin bidiyoyin? Nan ma shiru. Wannan shirun nasa ya fi damuna a kan jita-jitar da ya kwaso, domin a ƙarƙashin dokar da ake magana a kanta, wanda ba shi da lissafi shi ne zai fi kowa shan wahala.

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu na gyaran haraji. Biyu daga ciki ne suka shafi mai yin bidiyo kai tsaye: Dokar Haraji ta Najeriya, wadda ta faɗi abin da ake biya wa haraji da nawa ne, da Dokar Gudanar da Haraji, wadda ta faɗi yadda ake rajista, yadda ake bayyana kuɗin shiga, da tarar wanda ya ƙi. Sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. A nan Arewa, lokacin da ƙudurorin ke gaban majalisa, hayaniyar duk ta tafi a kan yadda za a raba kuɗin harajin VAT tsakanin jihohi, har gwamnonin Arewa suka fito suka nuna adawa. Ɓangaren da ya shafi aljihun mutum shi kaɗai bai samu wanda ya tsaya ya warware wa jama'a shi da Hausa ba, shi ya sa kowa ya kama faɗin abin da ya ji a majalisar mai shayi.

Ba sabuwar dokar ce ta ƙirƙiro haraji a kan kuɗin bidiyo ba. Tsohuwar dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 ma ta ɗora haraji a kan ribar kowace sana'a, kuma wanda ke yin bidiyo a kai a kai yana karɓar kuɗi, sana'a yake yi kamar tela ko mai ɗaukar hoton biki. Abin da ya canja shi ne matakan kuɗin, da kuma yadda hukuma za ta iya gane mutum, tunda yanzu an ɗaure lambar haraji da lambar NIN.

Ga yadda matakan suke, kuma a shekara ake lissafawa, ba a wata ba. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu ko kwabo. Naira miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba, kashi 18. Miliyan 13 na gaba, kashi 21. Miliyan 25 na gaba, kashi 23. Sai abin da ya haura miliyan 50 a shekara, shi ne ake cire wa kashi 25 ɗin da ya firgita ɗan ƙanwata. Ko wanda ya kai can ma, rarar da ke sama da miliyan 50 kaɗai ake yi wa wannan lissafin. Kamar hawa bene ne, kowace matakala da nata farashin, kuma taka ta sama ba ya canja kuɗin ta ƙasa.

Sannan ba a kan duk kuɗin da suka shigo asusunka ake ɗora waɗannan kaso ba. A kan riba ake ɗorawa, wato bayan an cire abin da ka kashe kacokan domin samo kuɗin. Nan ne dokar ta yi wa mai sana'a adalci, nan ne kuma yawancin yaranmu za su yi asara saboda sakaci.

Mu ƙaddara wata baiwar Allah a Kano tana yin bidiyon girki na minti ɗaya. A shekara, tsakanin abin da Facebook ya biya ta da tallan kayan ƙamshi da atamfa da 'yan kasuwa suka ba ta, ta haɗa naira miliyan 4.8. Ta kashe miliyan 1.2 a kan data, cefanen girkin da take nunawa, ladan yaron da ke tace mata bidiyo, da man janareta. Ribarta miliyan 3.6 ke nan. Tana biyan hayar gida naira 400,000, kuma sabuwar dokar ta yarda a cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin haya, muddin abin da za a cire bai wuce naira 500,000 ba, don haka za ta sake rage 80,000. Saura miliyan 3.52. Naira 800,000 na farko sun tafi kyauta. Miliyan 2.2 na biye sun ba da 330,000. Ragowar 520,000 a kashi 18 sun ba da 93,600. Jimilla naira 423,600 a shekara, ƙasa da kashi 9 cikin ɗari na abin da ya shigo hannunta. Kuɗi ne mai ciwo, ba na musu, amma ina 423,600 ina miliyan 1.2 da masu jita-jitar kashi 25 za su ce mata ta tanada?

Yanzu a ce wannan baiwar Allah ba ta ajiye rasit ko ɗaya ba, cefanenta duk a kasuwar Rimi da tsabar kuɗi, edita kuma tana miƙa masa a hannu. In hukuma ta tambaye ta hujjar miliyan 1.2 ɗin, ba ta da abin nunawa. Dokar ta ba hukumar haraji ikon ƙiyasta wa mutum kuɗin shigarsa idan bai kawo lissafi ba ko wanda ya kawo bai gamsar ba, kuma mai ƙiyasi ba ya ganin gumin da aka zubar a kicin, alat kawai yake gani. Littafi ɗaya mai layi ya isa a fara da shi: kwanan wata, abin da ya shigo, daga ina, abin da ya fita, a kan me. A riƙa biyan edita ta banki don a bar sawu. Dokar ta ce a adana takardun lissafi har shekara shida. Manyan kayan aiki irin kyamara ko waya mai tsada kuwa ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda, ana rarraba shi ne a kan shekaru. Wayar da kake bidiyo da ita kake kuma hira da budurwarka, ba za a yarda ka ce duka ta sana'a ce ba.

Wanda ribarsa ba ta kai naira 800,000 a shekara ba, kuma su ne mafi yawa a cikin masu wannan harka, ba a binsa komai. Wanda ya samu ribar miliyan 1.2, harajinsa 60,000 ne, wato 5,000 a wata.

Tambayar da ta fi kowace rikitarwa ita ce ta kyauta. A shirin kai-tsaye na TikTok masu kallo na tura fure, su tura zaki, manhajar ta mai da su lu'ulu'u, mai shirin ya canja su zuwa kuɗi. Sunan abin kyauta ne, kuma kyautar gaskiya, irin wadda yayanka ya turo maka daga Saudiyya don hidimar azumi ko gudunmawar biki, ba kuɗin shiga ba ce, ba a biya mata haraji. Amma ni a fahimtata, kyautar TikTok ba ta shiga wannan sahu ba. Ku dubi mawaƙi a gidan biki: ana yi masa liƙi, ba wanda ya yi ciniki da shi a kan nawa za a liƙa, amma kowa ya san da liƙin yake ciyar da gidansa, kuma da bai buɗe baki ya yi waƙa ba, da ba wanda ya ɗora masa naira a goshi. Mai zaman awa uku kowane dare yana neman a turo zaki, aikinsa ke nan. Na ga mutane sun koma rubuta "kyauta" a wajen bayanin duk kuɗin da suka tura, wai don a tsira. Rubutun ba ya canja asalin kuɗin. Haka nan wanda mai shago ya ba shi turamen atamfa biyar ko sabuwar waya a madadin talla, an biya shi ne da kaya, kuma darajar kayan tana cikin lissafi.

Sai batun dala. Wasu na cewa tunda kamfanin Amurka ne ya biya su, Najeriya ba ta da hurumi. Dokar ta ce mazaunin Najeriya ana lissafa masa kuɗin shigarsa daga ko'ina a duniya, ko ya shigo da su gida ko ya bar su a waje. Zama ne ma'auni, ba fasfo kaɗai ba: inda gidanka yake, inda iyalinka da harkokinka suke, ko kuma ka yi kwana 183 a ƙasar cikin wata 12. Saboda haka ɗan'uwanmu da ke Maraɗi ko Kumasi yana bidiyo da Hausa, ko da rabin masu kallonsa Kanawa ne, dokar ƙasar da yake zaune ce ke bin abin da manhaja ta biya shi.

Akwai kuma wani harajin da ake cirewa tun kafin kuɗin su baro Amurka, wanda da yawa ba su ma lura da shi ba. Tun 2021 Google ke cire harajin Amurka daga kuɗin da mai YouTube na wata ƙasa ya samu ta hanyar masu kallo da ke Amurka. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka kashi 30 ake cirewa daga wannan ɓangaren kaɗai. Ga mai bidiyon Hausa ɓangaren ba shi da yawa, tunda masu kallonsa na Kano da Kaduna da Yamai ne. Matsalar tana ga wanda bai cike fom ɗin bayanan haraji a AdSense (asusun Google da ake biyan mai YouTube ta cikinsa) ba, wato W-8BEN: shi ana iya cire masa har kashi 24 daga duk abin da ya samu a duniya. Ka tuna kuma a gajeren bidiyon YouTube, tun da aka fara rabon kuɗin talla a Fabrairu 2023, kashi 45 ne rabon mai bidiyo, bayan ya sha wahalar tara mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 cikin kwana 90. A ƙara yanke kashi 24 a kan wannan saboda fom na minti goma, wallahi abin takaici ne. Wanda aka cire masa harajin Amurka ya sauke takardar shaidar ya ajiye, domin dokar Najeriya tana da tanadin rangwame ga kuɗin da aka riga aka biya wa haraji a waje.

Wa ake biya? Ba tarayya ba. Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, da aka sauya wa suna zuwa NRS, ta fi shafar kamfanoni. Mutum shi kaɗai hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune yake biya: KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, mazauna Abuja kuma tasu ta birnin tarayya. Tsarin shi ne kai za ka lissafa da kanka, ka cike takardar bayyana kuɗin shiga sau ɗaya a shekara, ka biya. Ba wanda ke zaune a banki yana yankar kaso daga kowane alat. Naira 50 da ake cirewa idan an tura 10,000 ko fiye kuɗin hatimi ne, wani abu ne daban. Idan babban kamfani ya ba ka talla ya cire wani kaso tun daga tushe, ka nemi takardar shaidar cirewar, domin za a rage maka shi daga harajinka na shekara.

Tarar ce ya kamata ta sa mutum ya farka. Ƙin yin rajista naira 50,000 ne a watan farko, 25,000 a kowane wata bayansa. Ƙin gabatar da takardar shekara naira 100,000 ne a watan farko, 50,000 a kowane wata da ya biyo. Yaron da harajinsa na gaskiya 60,000 ne zai iya tara tarar da ta ninka shi sau da yawa, kawai don ya ji tsoro ya ɓuya. A ganina tara iri ɗaya ga mai ribar miliyan 1 da mai ribar miliyan 100 ba daidai ba ce, kuma hukumomin jihohi suna da nauyin zuwa su yi wa matasan nan bayani da harshen da suke ji kafin su fara aika musu takardar tara. Na kuma san ƙorafin da ke zuciyar kowa: wutar da ake cajin waya da ita ta janareta ce, hanyar unguwa ta lalace, to harajin na mene ne? Ƙorafi ne na gaskiya, kuma wanda ya biya ya fi kowa bakin yin sa.

Idan hukuma ta aiko maka da ƙiyasin da ka ga ya wuce ƙima, kana da kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa tare da hujjojinka. In ba a daidaita ba akwai kotun sauraron ƙarar haraji, kuma sababbin dokokin sun kafa ofishin mai karɓar koken masu biyan haraji. Duk waɗannan ƙofofi takarda suke tambaya.

Ɗan ƙanwata dai mun zauna da shi bayan sallar isha'i, ya buɗe shafin biyan kuɗi na kowace manhaja, muka kwafe wata-wata a littafi, muka bi tarihin asusunsa muka tsamo kuɗin data da na edita. Ribarsa ta ɗan haura miliyan 1 ne kawai. Fom ɗin AdSense kuwa ashe bai taɓa cikewa ba, a daren muka cike. Kuɗin da mutum ya samu a 2026, zuwa 31 ga Maris 2027 ake so ya bayyana su ga hukumar jiharsa.