Sauti kaɗai ba ya sa ka gane kana mafarki

An daɗe ana cewa wai idan ka kwana da wani sauti na musamman a kunne, za ka gane kana mafarki alhali kana cikinsa. Ganewar kam tana faruwa, amma ba a tabbatar sauti kaɗai yana kawo ta ba.

Irin wannan mafarki ya fi zuwa a matakin barcin da idanu ke motsi da sauri a rufe. Matakin yana dawowa kusan duk minti 90, kuma ya fi tsawo gab da asuba. Shi ya sa, in ana son a gane, ake tashi bayan barcin awa 5, a tuno mafarkin da aka yi, a koma barci ana maimaita niyya: "In na sake mafarki, zan gane."

Aikin sauti tuni ne kawai, kuma sai ka saba jin sa a farke kana tambayar kanka ko mafarki kake. In ya yi ƙarfi ya tashe ka, in ya yi rauni ya wuce ba ka ji ba.

Don ka tantance, rubuta mafarkinka kullum da safe, mako 2 da sauti, mako 2 babu, sannan ka kwatanta. Mai fama da rashin barci kada ya gwada tashin dare.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.